Sarki Settimio da Wuyan Kaza

A garin Poggiocorvo, duk wanda ya taka kashin jaki da safe ya san sunan da zai zaga: Settimio Baldelli, mai sharar gari. Aikinsa ke nan tun yana saurayi har gemunsa ya fara furfura. Da sassafe zai fito da baro da doguwar tsintsiya, ya faro daga ƙofar coci, ya share dandali, ya gangara layin mahauta, ya ƙare a bakin famfo. Ba mai gaishe shi sai wanda yake so a kwashe masa mushen kyanwa daga ƙofar gida.

Amma Allah ya ba shi abin da ya hana attajiran garin. Ya ba shi tsayi da faɗin kafaɗa, da dogon hanci, da gemu har ƙirji. Saboda gemun nan ne kwamitin biki ya ɗauke shi Sarki. Kowace shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Mayu, garin kan tuna da wani sarkin zamanin da, wanda aka ce ya taɓa kwana a nan ya ba su izinin cin kasuwa. Kowa ya sa kayan mutanen da, a buga ganguna, a busa kakaki, samari su riƙa cilla tutoci sama suna cafewa, fararen bijimai su ja keken Sarki daga ƙofar gari zuwa dandali. Al'adar kuwa ita ce, in keken ya zo wucewa, kowane namiji ya cire hula. Har magajin gari, har lauya, har Dottor Fioravanti mai kantin magani, shugaban kwamiti, wanda sauran ranakun shekara ko kallon Settimio ba ya yi.

Don wannan cire hular Settimio yake rayuwa. Yana tsaye a kan keke cikin jar alkyabba, kambin tagulla a ka, zai ga kawunan manya a tsirara, sanƙo da furfura, sai ya ɗaga hannu a hankali ya sa musu albarka. Washegari shi ne zai kwashe kashin bijiman da suka ja shi, amma ko a jikinsa. Daɗin wannan wuni ɗaya yakan kai shi har wata shekarar.

A gida kuwa sarautarsa ba ta da hutu. Matarsa Nazzarena tela ce, siririya, mai ƙaramar murya, ita ta ɗinka alkyabbar da hannunta. Ba su da ɗa, kuma ba a tayar da wannan zancen a gidan. Settimio marowaci ne na ƙin ƙarawa, irin wanda rowarsa ba ta taɓa shafar nasa cikin ba. Cuku da man zaitun suna kulle a kabad, makullin yana rataye a wuyansa da igiya, da shi yake kwana. In an dafa kazar Lahadi, zai zauna a kan tebur ya rarraba da kansa: ƙirji nasa, cinyoyi nasa, fukafukai a ajiye masa na gobe. Sannan ya tsamo wuya ya ɗora a farantin matarsa, ya yi murmushi.

"Ci, Nazzarena. Wuya ya fi ko'ina daɗi. Don ina son ki na bar miki."

Abin takaicin, shi a ransa gaskiya yake faɗa. Ya faɗe ta har ya yarda da ita.

A shekarar da aka sa fitilun lantarki a layin mahauta, Ulderico Pennacchi ya dawo gida kallon biki. Ɗan marigayi mai kaɗa ƙararrawar coci ne, ya tafi Milano tun yana saurayi, yana zana littattafan barkwancin nan ƙanana da ake sayarwa a rumfar jarida. Ga dogon gashi, ga yatsu baƙi ƙirin da tawada, bakinsa kuma kamar an shafa masa zuma. Washegarin biki ya tare Settimio a bakin famfo.

"Sor Settimio, tsaya haka! Kar ka motsa. Na rantse da kabarin ubana, na zaga Milano kaf ban ga fuskar sarki irin wannan ba. Wa ya ba ka tsintsiya? Wannan ai zalunci ne."

"Kai yaro, ba ni hanya, aiki nake."

"Littafi zan yi, a kan sarkin zamanin da. Kowane wata ya fito, a sayar daga Torino har Palermo. Fuskarka nake so a bango."

Settimio ya jingine tsintsiya. Bai tambaya ko wane irin sarki ne ba. Shi a saninsa sarki iri ɗaya ne, wanda ake cire wa hula.

Ya gayyace shi cin abincin Lahadi, abin da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba. Ya sa alkyabba da kambi ya tsaya a tsakar ɗaki, Ulderico yana ta zane, daga gaba, daga gefe, har yadda yake riƙe cokali. Da aka kawo kaza, Settimio ya ga akwai idon baƙo, sai ya yanko ƙirji guda ya ɗora wa matarsa. Nazzarena ta dubi naman, ta dubi mijinta, ta ajiye cokali. Ba ta taɓa shi ba har aka tashi. Settimio bai lura da cewa baƙon ya daina tauna yana kallonta ba.

Bayan abinci sai ya yi abin da kowane magidancin garin yake yi ranar Lahadi: ya ɗauki hula ya nufi shagon kofi wajen 'yan karta. Shi ba ya saye, ba ya kuma yin caca, amma yakan tsaya a bayan masu yi ya ba da shawara.

"Ni kam zan ɗan tsaya in zana ɗinkin alkyabbar nan," in ji Ulderico. "In Sora Nazzarena ba ta damu ba."

"Ita? Me za ta damu da shi? Nazzarena, ki nuna masa duk abin da yake so."

Sai da rana ta faɗi ya dawo, ya tarar baƙon bai daɗe da fita ba. Matarsa tana wanke kofuna biyu, idanunta jajaye. Abin da ya dame shi kawai shi ne ina ta samo garin kofi.

Littafin ya iso da sanyin hunturu. Sora Iole, mai rumfar jarida a dandali, ta maƙala shi da abin shanya a gaba-gaba, ta jira. Da Settimio ya zo da baronsa sai ta ƙwala masa kira.

"Ranka ya daɗe! Zo ka ga kanka!"

Shi ne kuwa. Hancinsa ne, gemunsa ne, har tabon da ke kan girarsa. Sai dai an yi masa tumbi kamar randa, maiƙo na ɗiga daga gemun, a sama an rubuta da jan harafi: Sarki Ci-Kaɗai. Sora Iole ba ta barin kowa ya buɗe littafi bai saya ba, amma ranar da kanta ta miƙa masa, don ta fi son kallon fuskarsa. Ya bi rubutun da yatsa, a hankali, leɓe na motsi. A ciki Sarki ya sa an cire wa mabarata haƙora, tunda a cewarsa ba su da abin taunawa. Maƙiya suka kewaye birni, aka saki tantabaru da saƙon neman agaji, Sarki ya sa aka harbo su ya gasa. Ya rataye kuku saboda kaza ta zo da cinyoyi biyu kacal.

"To, yaya ka gani?" in ji Sora Iole.

"Ai dai sarki ne," in ji Settimio. Ya yi dariyar yaƙe ya tura baronsa.

Littafin ya karɓu, ba a Poggiocorvo kaɗai ba. Ranar da sabo zai fito, mutane kan yi layi tun kafin a buɗe rumfa, har waɗanda ba su taɓa karanta komai ba sai sanarwar mutuwa a bangon coci. Yanzu kowa yana gaishe da Settimio. Mahauta su rusuna masa da wuƙa a hannu: "Ranka ya daɗe, a yi mana afuwa, kazarmu ma cinya biyu gare ta!" Mata su ɓoye kwandon cefane in ya doso. Ya daure, ya ce a ransa hassada ce, watan Mayu na nan tafe, za su cire hula ko sun ƙi ko sun so.

A fitowa ta gaba aka zana Sarki yana barci da makullin rumbu a wuya. Settimio ya ce ai yaron ya hango igiyar ne ranar da ya zo. A ta bayanta aka kawo Sarauniya, siririya kamar tsinke, Sarki yana miƙa mata wuyan kaza, an rubuta maganarsa a saman kansa: "Ci, Sarauniyata. Wuya ya fi ko'ina daɗi. Don ina son ki na bar miki." Nan gabansa ya faɗi. Amma ya lallashi kansa, ya ce bangon gidansu siriri ne, maƙwabta ba su da aiki sai kasa kunne.

Fitowar watan Afrilu ce ta gama da shi. Sarauniya tana kwance a gado, ga ɗan ƙaramin akwatin gawa a gefe. Wata tsohuwa ta shigo da tukunyar romon kaza, kamar yadda ake kai wa mai jego. Sarki ya karɓa daga ƙofa, ya zauna a bakin gadon, yana kuka wiwi yana ci, hawaye na zuba a cikin tukunya, har ya tsotse ƙashi. A zanen ƙarshe ya miƙa mata wuya. Mutanen da ke tsaye a rumfa suna ta ƙyaƙyata dariya, wani har da riƙe ciki, suna cewa wannan Ulderico shaiɗani ne, ina yake samo irin wannan.

Settimio ya san inda ya samo. A shekara ta biyu da aurensu Nazzarena ta haifi ɗa namiji ba rai. Maƙwabciyarsu ta yanka tsohuwar kaza ta kawo. A ɗakin nan ba kowa sai su biyu, kuma maƙwabciyar ta daɗe a kabari. Ya tuna daɗin romon sarai. Ya tuna ya yi kuka da gaske.

Ya bar baro a tsakiyar dandali ya nufi gida. Ya tarar da ita a kan keken ɗinki.

"Ke ce."

Ba ta daina taka keken ba. "Ni ce."

"Kin kwance min zani a kasuwa! Duk ƙasar nan ana karanta ni! Me na yi miki? Na taɓa dukan ki? Na taɓa shigo miki a buge? Na bi matan banza?"

"Ba ka yi ko ɗaya ba."

"To don me?"

Ta tsayar da keken, ta ciji zare. "Tambayata ya yi. Ya ce, Sora Nazzarena, me ya sa ba ki ci namanki ba? Tunda na shigo gidan nan ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa. Na buɗe baki, sai ya ƙi rufuwa."

"Har da maganar yaron?"

"Da ita na fara."

"Ni ma ai ɗana ne. Ba ki ga kukan da na yi ba?"

"Na gani, Settì. Ai ya zana hawayen."

Ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama, bai san abin da zai yi da shi ba. Ita kuwa ta ci gaba da ɗinkinta. Ya ji tsoronta a ranar, karo na farko, kuma tsoron bai sake barin sa ba.

Ana saura 'yan makonni biki, Dottor Fioravanti ya aika a kira shi bayan kanti. Bai ba shi kujera ba.

"Baldelli, albishirinka. Bana baƙi za su zo mota-mota, daga Perugia, har daga Roma. Ba tsohon sarkinmu za su zo gani ba, wannan ko mu nan ya gundure mu. Ci-Kaɗai suke so. Za a yi maka tumbi, a ba ka gasasshiyar kaza ka riƙa ci a kan keke. Kaza guda, kai kaɗai, kwamiti ya ɗauki nauyi."

"Dottore, ni Sarkin biki ne. Ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne ni."

"Kai mai shara ne, Baldelli, da muke ara wa hula. In ba ka so, ga ƙanen mahauci can, tumbinsa ma na gaske ne. Gemu kuwa a yi masa da gashin tunkiya."

"Amma za a cire hula? Kamar kullum?"

Dottore ya dube shi ta saman tabarau. "Al'ada ai al'ada ce," ya ce, yana danne dariya.

Da Settimio mutum ne mai zuciya, da ya ajiye musu kambinsu ya fita. Ya so ya yi hakan, har ya kai bakin ƙofa. Sai ya hango ƙanen mahauci a kan keken, cikin jar alkyabbarsa, shi kuma yana tsaye a cikin taro da hula a hannu. Ya juyo ya ce ya yarda.

Da ya isa gida ya shimfiɗa alkyabbar a kan keken ɗinki, bai dubi matarsa ba. "Sun ce a yi mata ciki."

"Na sani," in ji Nazzarena. "Matar Dottore ta gaya min. Na riga na farke matashin kanka."

Ranar biki garin ya cika ya batse. Tun daga ƙofar gari Settimio ya lura da cewa mutane suna riƙe da ƙunshin takarda. Mahauta ne suka yi dabara, suka tara wuyan kaji na mako guda daga duk ƙauyukan kewaye, suna sayar wa baƙi. Ganguna suka tashi, bijimai suka ja. Yana tsaye, matashi ɗaure a ciki, kaza a hannun hagu, ya ɗaga hannun dama a hankali kamar yadda ya saba.

Wuyan farko ya same shi a kafaɗa, ɗanye, mai sanyi. Na biyu a kunci. Daga nan sai ruwan wuya ta ko'ina, daga titi, daga tagogi, daga saman baranda, jama'a kuma suna rerawa da murya ɗaya: "Ci, Sarauniyata! Wuya ya fi daɗi!" Wani ya maƙale a gemunsa, wani ya rataye a kan kambi yana lilo. Bai sauke hannu ba. Idonsa yana kan kawunan maza, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, magajin gari, lauya, Dottore, kowa hularsa daram.

Sai a kwanar layin mahauta ya ga wani dattijo ya kai hannu ya cire tasa. Zuciyar Settimio ta yi tsalle. Ya juya gaba ɗaya ya miƙa masa hannun albarka, har idonsa ya ciko. Dattijon ya miƙa hular ga na kusa da shi aka cika masa ita da wuya, ya watsa wa Settimio duka a fuska.

Keken ya bi ta ƙofar gidansu. Nazzarena ta fito da kujera tana zaune a bakin ƙofa, da takarda a cinya. Ba ta yi dariya ba, ba ta jefa komai ba. Ƙirjin kaza ne gasasshe a takardar, tana yagowa kaɗan-kaɗan tana ci, tana kallon sa har ya wuce.

Da aka isa dandali Dottor Fioravanti ya hau mumbari ya sanar da cewa ba a taɓa biki mai armashi irin na bana ba, don haka kwamiti ya bar wa Settimio Baldelli sarauta har iyakar ransa. Aka yi ta tafi. Abin da ya fi so a duniya ke nan, an ba shi a gaban kowa, ya tsaya jinin kaza na bin gemunsa, ya ji kamar ya mutu.

Washegari da sassafe ya fito da baro da tsintsiya, don shara ba ta san sarki ba. Titin ya cika da kashin bijimai da yagaggun takardu da wuyan kaji, wasu an tattake, wasu karnuka sun ja. Ya fara daga ƙofar coci. Yana cikin shara sai ya ga wani wuya a gefen dakali, lafiyayye, ko ƙasa bai taɓa ba. Ya share kewayensa ya bar shi. Ya yi gaba, ya dawo. Nama ne fa, mai kyau, romo zai yi. Ga wani can, ga wani. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya durƙusa a kan gwiwa ya fara tsincewa yana kaɗe su a jikin wando.

Da ya ɗago kai sai ya ga an buɗe shagon kofi. Ulderico Pennacchi yana zaune a bakin taga, takarda a kan gwiwa, fensirinsa yana gudu. Suka haɗa ido. Ulderico ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya yi masa alamar ya tsaya haka, kar ya motsa.

Settimio ya dubi wuyan da ke hannunsa. Ya san inda zai ga kansa wata mai zuwa, a maƙale a gaban rumfar Sora Iole, a durƙushe cikin kashin shanu da kambi a ka. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya buɗe hannu ya yar. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya cusa wuyan a aljihu, ya miƙa hannu ga na gaba.